Yadda Maccido Ya Ceci Jumare, Jumare Ya Daina Gaishe Shi

Maccido taubashina ne, ɗan gwaggota, don haka bawana ne tun ran da anka yanke masa cibiya, kuma ina da izinin in faɗi abin da na ga dama a kansa. Bai iya karatun boko ba. Ni Namadi kuwa na yi elemantare nan Tambuwal, har na kai inda lissafi ya fara rashin mutunci, na tattara na koma gona. Da ɗan abin da na tsinta can nake rubuta wannan. In ya ji haushi, ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya rama.

Dogo ne. In yana tsaye a karar shanu ranar kasuwa, mutanen Jabo na iya hango hularsa daga ƙofar gidajensu. Maƙogwaronsa kamar ya haɗiyi goruba ta ƙi wucewa. Muryarsa kuwa, in ya yi raɗa a kasuwa jakai na amsa masa daga bayan gari. Dillancin shanu ya gada wurin ubansa, kuma da ya tsaya nan da yanzu yana da doki. Amma bayan ya sauke Alƙur'ani sai ya shiga littattafai wurin wani malami, ya yi ta tafiya lafiya lau har ya iso babin shari'a da shaidu. Nan ya toge, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Wannan babin ne ya lalata mana shi.

Sojojin da sunka dawo daga yaƙin Bama sun ba mu labarin wasu mutane a Ikko da ake kira lauyoyi, masu ɗora gashin tunkiya a ka, aikinsu su tsaya wa wanda ake tuhuma su yi ta Turanci har mai shari'a ya gaji. Mu nan ba a barin irinsu su taka zauren alƙali. Sai dai shari'a ta yarda wanda bakinsa ba ya iya kare shi ya wakilta wani ya yi masa magana. Ta wannan ƙofa Maccido ya shiga. Ya fara da wani mai i'ina da anka yi wa ƙwacen jaki, ya karɓo masa jakin, gari ya yi ta sa masa albarka. Da ya tsaya kan jakai da iyakar gona, da ban rubuta komai ba.

To bai tsaya ba. Akwai irin ƙarar da in an kawo ta, ko uwar wanda anka kama takan ce ba ta san shi ba: a ce namiji babba ya ɓata yaro ko yarinya. Ranar da anka fara kawo irinta a zamaninmu, alƙali ya tambaya ko akwai mai yi wa mutumin magana. Kowa ya duƙar da kai. Sai ga goruba ta motsa a maƙogwaron bawana.

Kada ku ce duk waɗanda ya tsaya wa tsarkaka ne. Wani ya yi, kuma Maccido da kansa ya zauna da shi har ya amsa laifinsa gaban alƙali, anka tafi da shi Sakkwato. Da ya dawo gida ran nan bai ci tuwo ba, ya fita bayan gida ya yi ta amai. Amma mutane ba su ga aman ba, tsayuwar kawai sunka gani. Masu shanu sunka fara kewaye shi suna ba wasu dillalai. Matarsa Zahara'u ta daina dama furar sayarwa, don sai ta yi tsami a ƙwarya ba mai aikowa. Ni kaina, wurin suna ko ɗaurin aure, in an tambaye ni sai in ce dangantakarmu ta nesa ce ƙwarai, ta wajen Annabi Adamu.

Na ce masa, "Kai bawa, duk shanun duniya sun ƙare ne? Mi ka ci maka rai da shari'ar 'yan iska?"

Ya ce, "Namadi, in an kama wanda ba shi ba, shi wanda ya yi yana ina?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Shina nan cikin ɗiyanku, shina ba su gyaɗa. Tashi ka ba ni wuri."

Shari'ar da nake son in ba ku labari ita ce ta Jumare na Fakku, a ƙasar Kebbe. Da kaka ne, dawa ta yi tsawon da mahayin raƙumi zai ɓace a ciki. Jumare matashi ne mai noma da 'yan shanunsa, yana auren Madina, 'yar wani dattijo Atiku. Madina tana da ƙanwa ƙarama wadda ba ta isa ko ɗaukar babban tulu ba. Ba zan rubuta sunanta ba, tana nan da ranta. Wata safiya anka aike ta kai abinci gona can fadama, wani la'ananne ya tare ta a cikin dawa. Ta dawo gida kafin azahar, ba ƙwarya, ba magana. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Fakku ta tafasa. Ana cikin wa ya yi, wa ya yi, sai wani Ɗangiwa ya ce shi dai da zai tafi gona da hantsi ya ga Jumare a laɓe bayan dangar gidan Atiku, yana leƙe kamar kura. Shi ke nan. Anka ce jiran yarinyar yake ta fito ya bi ta. Kafin la'asar sun fasa masa baki, sun ɗaure shi da igiyar shanunsa. Atiku ya yi rantsuwa gaban maza sai ya ga ƙarshensa. Anka kai shi wurin hakimi a Kebbe, hakimi ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, anka iso da shi Tambuwal. Kowa ya san abin da ke gabansa. In alƙali ya ga zargin ya yi nauyi zai tura shi Sakkwato, can kuwa bulala ce da gidan yari na shekaru, mutum ya shiga da baƙin gemu ya fito da fari, in ya fito.

Na je zaman farko don kallo, ba don Allah ba. Anka shigo da Jumare. Yana ɗaga ido ya ga surukinsa Atiku zaune, sai ya durƙushe, ya juya masa gefe, ya kafa fuska a bango. Alƙali ya karanta masa zargi, ya ce, "Ka yi ko ba ka yi ba?" Shiru. Ya ce, "Mi ya kai ka bayan dangar?" Shiru. Ya tambaya da Hausa, muhutinsa ya tambaya da Fulatanci, dogari ya tambaya da sanda. Jumare na kallon bango kamar an rubuta masa aljanna a jiki.

Alƙalin nan ba wawa ba ne, ya san kunyar suruki kamar yadda kowa ya sani. Mutanen Fakku kuwa nasu ya fi na kowa: mutum zai hango surukinsa a hanya ya faɗa cikin ƙaya ya ce hutawa yake. Amma alƙali ya ce kunya tana da iyaka, ba a taɓa ganin wanda ta hana shi cewa "ban yi ba" igiya na wuyansa. Jama'a sunka ce ai ga shi nan, laifi ya ɗaure masa harshe. Ga shi kuma ana jiran Di'o ya zo rangadi, shi kuwa Baturen nan ba abin da ya tsana kamar ya tarar da shari'a a kwance. Alƙali ya ce, "Akwai mai yi masa magana?"

Na riƙe rigar Maccido ta baya da hannu biyu. Rigar ta yage, shi ya tashi.

Alƙali ya numfasa ya ce, "Kai kuma?"

"Ni kuma, Allah gafarta Malam."

"Na ba ka zuwa kasuwa mai zuwa. In bai buɗe baki ba, Sakkwato."

Don hukuncin rigar da na yaga, Maccido ya ja ni zuwa inda anka tsare Jumare. Ɗaki ne da ko akuya za ta kai ƙara in an sa ta ciki. Munka kai masa fura, ya sha, leɓensa a kumbure. Da yake ba surukinsa a wurin, sai ga shi yana magana kamar mutum. Ya rantse bai ko ga fitar yarinyar ba, ya ce tun tana rarrafe yake saya mata alewa, da ya faɗi haka hawaye sunka zubo masa.

Maccido ya ce, "Na ji. To mi ka je yi bayan dangar?"

Jumare ya kau da kai.

"Sata?"

"Subhanallahi."

"Wata mace ka ka nema a unguwar?"

"Haba Malam Maccido."

"To aljanu sunka kira ka? Jumare, ni ba alƙali ba ne, ba surukinka ba ne. Wanga kuwa da ka gani," ya nuna ni, "ba mutum ba ne, taubashi ne."

Jumare ya daɗe yana tona ƙasa da yatsa. Can ya ce sai dai in amana ce, ba za ta fita ɗakin ba. Maccido, da gaggawar son ji, ya ce amana ce. Sai ya yi ƙasa da murya har sai da munka haɗa kawuna kamar masu rabon nama.

Ya ce, "Wancan na je gani."

"Wane wancan?"

"Wancan... da ita ta samu."

Ashe Madina ta haihu, haihuwar fari, tana gidan iyayenta tana wankan jego kamar yadda ake yi. Ɗa namiji. Kun san yadda ɗan fari yake wurin mutanenmu, balle na Fakku: uba ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa, ba ya kallonsa gaban mutane, in an ce ɗanka ne sai ya ce na wa. Ranar suna ma Jumare daji ya gudu da shanu. To abin ya ci shi. Ya ce barci ya gagare shi, yana son ya ga ko da ƙafar yaron ce. Ya gano wata ɓaraka a danga daidai inda ake shimfiɗa jaririn a inuwa in an gama wanka. Ran nan ya tsaya tun hantsi. Ya ga ƙafa, ya ce bari ya ga hannu. Ya ga hannu, ya ce bari ya jira a juyo da fuskar. Bai ankara ba sai da ya ji kiran azahar.

Ni dariya ta ƙwace mini, don na zaci an gama. Na ce, "To ai shi ke nan! Ka faɗa wa alƙali, gobe ka kwana gida."

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce, "Gaban Baba? In ce na laɓe bayan gidanai ina leƙen... Wallahi gara Sakkwato."

Na ce, "Kai, ka san Sakkwato kuwa? Dutse za ka fasa har haƙoranka su zube!"

Ya ce, "Can ba wanda ya san ni."

Jama'a, ku auna wannan. An ce mutum ya yi abin da ya fi kowane abu muni a duniya, ya iya zama da wannan. Amma a ce yana son ɗansa, wannan ne ba zai iya ɗauka ba. Na so in ƙarasa fasa masa bakin. A waje na ce wa Maccido ya bar shi ya tafi, irin wannan kai ko a Sakkwato zai yi amfani wurin fasa dutsen. Bai ko saurare ni ba. Ya ce in shirya, gobe Fakku.

Tafiyar Fakku ba zan yafe ta ba har gaban Allah. Jaki ɗaya gare mu, kuma bawa ne ya hau, ubangijinsa na bin ƙasa, wai don ƙafafunsa sun fi tsawo sun fi gajiya. Ƙafafun nan kuwa suna jan ƙasa ta kowane gefe, ban san ko jakin ne ya ɗauke shi ko shi ya ɗauki jakin ba. Da munka isa, labari ya riga mu. Munka yi sallama a rumfar dattawa, anka amsa mana da hanci. Na roƙi ruwa, wani ya ce rijiyarsu ta ƙafe, alhali ina jin ƙarar guga a bayansa.

Wadda ta kula mu ita ce Dada, tsohuwar ungozomar garin, ita ke yi wa Madina wankan jego. Munka same ta tana tsinkar ganye a bakin hanya. Maccido bai gaya mata komai ba, ya dai tambaye ta ko ran nan ta ga wani abu a bayan danga.

Ta ce, "Wani abu? Na ga ƙaton ido cikin ɓaraka tun ina hura wuta. Da na gama wanka na ɗauko sauran ruwan zafi zan watsa can, sai na gane ƙafafun. Na kai ruwan wani wuri. Na ma jawo tabarmar jinjirin kusa da shi, na juya mai fuskar yaron, don shi gani shi tafi. Bai tafi ba, sakarai, har anka yi kiran salla."

Maccido ya dafe kai. "Inna, kin san haka, kinka bari anka ɗaure shi?"

"Wa ya tambaye ni? Maza sunka taru ƙofar gida suna ihu, wa ya leƙo ciki ya ce mata mi kunka gani? Kuma in fito in ce mi? In tsiraita yaro gaban surukinai?"

Ya ce to ita yarinyar fa, an tambaye ta?

Dada ta ajiye ganyen. Ta ce ba wanda ya tambaye ta sai ita. Ta ce kwana da kwanaki yarinyar ba ta magana, ba ta yarda kowa ya taɓa ta, sai wata rana tana tsefe mata kai ta ce, "Dada, don mi anka bugi Yaya Jumare? Ba shi ba ne." Ta kuma kwatanta mata mutumin, ba baƙo ba ne a garin. Dada ta gaya wa uwar yarinyar. Uwar ta yi kuka ta ce yaya za ta tunkari maigida da wannan, bayan ya rantse gaban maza. Madina ma ta ga mijinta ran nan, ta yi kamar ba ta gani ba, yanzu tana kuka har nononta na neman ɗaukewa. Amma Maccido ya ce shaidar mata ga mijinta ba ta karɓuwa, maganar ƙaramar yarinya ma ba a gina hukunci a kanta.

Ya ce, "Inna, ki zo Tambuwal ki faɗa."

Ta ce, "Zan zo in zauna waje. In alƙali ya kira ni ya tambaye ni, ba ni yi mai ƙarya. Amma ba bakina za a fara jin ta ba."

Kun ga inda munka tsaya. Kusan rabin gidan sun san gaskiya, kowa na rufa wa wani asiri, ana ta ladabi da kara, mutum kuma na hanyar Sakkwato. A hanyar dawowa na zagi Fakku, na zagi Kebbe, na zagi dangar, na haɗa da jakin. Maccido kuwa hankalinsa ba ya nan. Shi amanar da ya karɓa da bakinsa ke cinsa. Ya koma wurin Jumare ya roƙe shi ya sake masa ita, har ya durƙusa, shi da ya girme shi nesa. Jumare ya ce a'a.

Ranar kasuwa zauren alƙali ya cika har ana hawa katanga. Maccido ya fara da dabara. Ya roƙi a fitar da Atiku waje na ɗan lokaci. Alƙali ya ce mai ƙara ba ya fita, haƙƙinsa ne ya ji amsar da za a ba shi. Ya ce to a kafa zana tsakaninsu. Mutane sunka yi dariya, amma alƙali, don ya ga iyakar abin, ya yarda. Anka kawo zana, dogarai biyu sunka riƙe. Jumare ya ɗan ɗago. Maccido ya lallaɓa shi kamar mai lallashin saniya mai harbi, har ya buɗe baki ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai ran nan..." Sai Atiku ya yi tari a bayan zana. Tari ɗaya. Jumare ya koma bango.

Wallahi da ina da bindiga da na harbi tarin nan.

Alƙali ya ce ya isa, ba wasan yara ake ba. Ya ce wa malamin kotu ya rubuta a tura shi Sakkwato. Dogari ya warware igiyar da za a ja shi da ita. Jama'a sunka fara kabbara. Na dubi Maccido, gumi na bin gorubar nan tasa, tana hawa tana sauka. Ya dubi Jumare. Jumare ya gane, ya girgiza masa kai.

Maccido ya ce, "Allah gafarta Malam, ni wakilinai ne, bakina bakinai ne. Ɗansa ya je gani."

Alƙali ya ce, "Wa?"

Da muryar nan tasa da ba ta san raɗa ba ya ce, "Ɗansa na fari! Matarsa na wanka gidan, ya laɓe shina kallon jinjirin ta ɓarakar danga tun hantsi har azahar. Ungozoma na waje, a tambaye ta."

Zauren ya fashe da dariya. Mutanen da yanzun nan suke neman jininsa sunka kama ciki suna birgima. "Leƙen ɗa! Leƙen ɗan fari!" Na waje na tambayar na ciki, labari na tafiya har karar shanu, can ma anka ɗauka. Jumare ya ja wuyan rigarsa ya rufe kai gaba ɗaya, ya dunƙule. Atiku ya kafa ido a ƙasa, ban san ko kunya ce ko me ba. Ni ma da nake son dariya fiye da tuwo, ran nan ba ta zo ba.

Alƙali ya tsawata, ya sa anka shigo da Dada. Ta faɗi nata tiryan-tiryan, har da ruwan zafin. Alƙali ya juya ga Ɗangiwa ya ce, da ya dawo daga gona ta ina ya bi? Ya ce ta nan bayan dangar. Yaushe? Wajen azahar. Ya ga Jumare? Ya sosa ƙeya ya ce e, yana nan inda ya bar shi.

Alƙali ya ce, "Don mi ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, na safe anka tambaye ni."

Fadamar kuwa tana da nisa, kuma yarinyar ta dawo kafin azahar. Alƙali ya ce zargi ya faɗi, saura rantsuwa. Anka kai Jumare masallaci ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Wannan bai gagare shi ba, don Allah yake wa magana ba surukinsa ba. Anka kwance shi.

Muna tsaye ƙofar masallaci ya fito. Maccido ya miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya ce a hankali, "Amana na ba ka." Ya raɓa ya wuce. Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu. A Fakku yara sunka sa masa waƙa, in ya fito da shanu sai a ce, "An juyo maka fuskar?" Ba a gama sussukar dawa ba ya kora shanunsa ya yi kudu wajen Yawuri. Da Madina ta gama wanka, wani ƙanensa ya zo ya tafi da ita da yaron.

Ku kuna tsammanin gari ya zo ya ba Maccido haƙuri? Waɗanda da suke cewa mai tsaya wa 'yan iska ne, yanzu sunka ƙara da cewa ba ya riƙe amana, kada a gaya masa ko kuɗin saniya. Shi kuwa ko a jikinsa, don a wurinsa shari'ar ba ta ƙare ba. Washegari ya koma wurin alƙali ya ce to yanzu saura wanda ya yi, yarinyar ta kwatanta shi, Dada ta ji. Alƙali ya ce shi ba ya farautar shari'a, sai an kawo ƙara, mai ƙara kuwa uban yarinya ne. Di'o ya zo, ya duba ya ga an kashe magana, ya yaba, ya sha shayinsa ya wuce.

Bayan tafiyar Madina, Maccido ya sake jana Fakku. Wannan karon ni na hau jakin, don ya manta ya yi mini gardama. Munka sami Atiku a zaurensa, ya tsufa cikin 'yan kwanakin nan kamar an ƙara masa shekara goma. Ya karɓe mu, ya sa anka kawo ruwa. Maccido ya ce, "Baba, ka ji abin da yarinyar ta ce. Ka kai ƙara, ni zan tsaya maka wannan karon."

Atiku ya ce, "Malam Maccido, an kira sunan ɗiyata a Kebbe, an kira shi a Tambuwal ranar kasuwa. Na rantse kan surukina, na yi ƙarya gaban duniya, na rasa shi, na rasa uwar jikana. Yanzu in sake tashi in nuna ɗan maƙwabcina, da shaidar yarinya da tsohuwa? In ya rantse shi ma fa? A bar ta ta girma. Na bar shi da Allah."

Maccido ya ce, "Baba, akwai wasu ɗiya a garin nan."

Ya ce, "Kowa shi tsare nashi."

Maccido ya je wurin mai gari, ya ce sai hakimi. Ya je Kebbe wurin hakimi, anka ce ya dawo bayan an gama haraji. Ya koma bayan haraji, anka ce wace magana kuma, ba an gama ba? Abin da ya samu kawai shi ne Dada ta bi gida-gida ta yi wa mata raɗa, daga ran nan ba a sake aiken yarinya fadama ita kaɗai ba. Mutumin da ya yi abin kuwa yana nan, ya yi aure, ana gaishe shi.

A hanyarmu ta dawowa daga Kebbe karo na ƙarshe, rana na dukanmu, na ce bari in tsokane shi ko ya yi magana. Na ce, "To bawa, ka ci amana, ka rasa shanun mutane, wanda ka ceta ba ya gaishe ka, wanda ya yi na yawo. In an mayar da kai zauren nan, za ka sake faɗa?"

Ya tsaya tsakiyar hanya ya daka mini tsawar da ta tashi tsuntsaye daga nan har Jabo. Ya ce, "Da ƙarfi ma! Kuskurena ɗaya, da na ce mai amana ce tun ban ji ba. Shi ƙi gaishe ni har ya mutu, yana dai tare da iyalinai. Sauka mini daga jaki."

Na sauka. Bai hau ba shi ma. Haka munka taka har Tambuwal, jakin na tsakiyarmu ba kowa a kansa.